Waken Malamai a Laburare

A duk makarantar 'yan matan nan ta ƙasar Ajingi, ɗaki ɗaya ne tak yake da ƙofar kirki. Azuzuwa kam ba a magana. Wani tagarsa ta fita, wani silin ya rufto, wani kuwa awaki ke riga ɗalibai shiga da safe. Ofishin shugaban makaranta ma da waya ake ɗaure ƙofarsa. Amma laburare, masha Allah! Ƙofar ƙarfe, tagogi masu murfi, rufin da ko ɗigo ba ya yi. Kuma wannan kyan nasa shi ya ja masa.

Wani dattijo ne ya gina shi, Alhaji Muhammad Bashir, mutumin Gafasa, wanda ya ƙare ƙarfinsa a aikin gwamnati a Kano. Da ya ajiye aiki, ya ce abin da ya fi ci masa rai shi ne talaka bai san abin da ake rubutawa da sunansa ba. A zauna a ofis a tsara yadda taki zai kai ga manomi, yadda za a ba ƙauye ruwa, yadda za a tafiyar da makaranta da asibiti, a buga a littafi, amma wanda aka yi dominsa ko bangon littafin bai taɓa gani ba. Sai ya kwaso kundayensa na manufofin gwamnati, ya sayo wasu ya ƙara, ya cika mota ya kawo.

Hamdiyya, 'yar Malam Ɗanasabe manomi na Toranke, tana aji ɗaya a lokacin, tana cikin yaran da aka jera suka yi ta jidar littattafan daga mota. Wanda ya faɗo hannunta wani ƙato ne mai koren bango, nauyinsa kamar bulo. Alhaji ya gan ta tana nishi ya yi dariya.

"Wannan na noma ne, 'yata. Babanki manomi ne?"

"E, Alhaji."

"To duk abin da gwamnati ta ce za ta yi wa babanki yana ciki. Ki girma ki karanta masa."

Ba ta manta ba. Sau biyu ko uku ta shiga ta buɗe shi, Turancin ya fi ƙarfinta, ta rufe ta ce sai ta ƙara girma. Kafin ta girman, Alhaji ya rasu, aka yi wa malamar da ke kula da ɗakin canjin wurin aiki, ba a turo wata ba. Kantocin da littattafan ke kai suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, wannan ofishin malamai, wancan masallaci. Makulli ya koma aljihun shugaban makaranta, Malam Barau.

Daga nan wake ya shigo.

Kada wani ya ce malaman nan mugaye ne. Wallahi ba mugaye ba ne. Mutane ne masu iyali, albashi kuwa ba ya ganin ƙarshen wata. Sai suka haɗa ƙungiya, idan kaka ta yi su sayi wake a hannun manoma, su ajiye, sai ya yi tsada gab da damina su fitar. Kowa a yankin haka yake yi in yana da hali. Matsalar ɗaya ce, wurin ajiya. Wake ba ya son iska, ba ya son laima, ga ɓera, ga ɓarawo. Aka duba aka duba, ina ne ɗaki mai ƙofar ƙarfe? To ka ji. A jera buhuna har kusa da rufi, a jefa ƙwayar maganin ƙwari a tsakaninsu, a toshe tagogi da leda, a shafe bakin ƙofa da laka, a sa kwaɗo uku, kowanne makullinsa a hannun mutum daban don kada a zargi kowa. Daga ranar ɗakin ya mutu ke nan sai wake ya yi tsada.

A shekarar da Hamdiyya take ajin ƙarshe, wata ƙungiya ta 'yan asalin yankin da ke aiki a birane ta shirya gasa tsakanin makarantun Gaya da Ajingi. Kowace makaranta ta turo ɗalibi ɗaya ya yi jawabi a kan manufofin gwamnati game da noma, da yadda suke isa ga ƙaramin manomi. Wanda ya yi na ɗaya, ƙungiya za ta ɗauki nauyin karatunsa na gaba da sakandare har ya gama.

Malam Da'u, malamin darasin gwamnati, bai yi wani dogon tunani ba, Hamdiyya ya zaɓa. Duk makarantar babu kamarta, kowa ya sani.

Ita kuwa ta san abin da gasar nan take nufi gare ta. Tun bara babanta ya zaunar da ita ya gaya mata gaskiya, ba da faɗa ba, idonsa ma a ƙasa.

"Hamdiyya, sakandare ita ce iyakar ƙarfina. Ba ƙi nake ba, Allah ya sani. Ga ƙannenki a baya."

Saboda haka ƙofa ɗaya ce ta rage mata, ita ce wannan gasar. Ranar da aka gaya mata an zaɓe ta, da gudu-gudu ta isa gida, uwarta Sabuwa tana tankaɗe ta rungume ta har gari ya ɓata mata hijabi.

"Ke lafiyarki? Sakar ni, 'yar nema!"

"Umma, na ci na gama! Akwai littafin a makarantarmu. Ni na ɗauke shi da hannuna."

Washegari ta sami Malam Da'u a gindin darbejiya yana duba takardun gwaji. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Malam, koren littafin nan na laburare nake so, na noma. Da sauran 'yan uwansa. Ko a ciki ne sai in zauna in kwafa."

Malam Da'u ya daina rubutu. Ya kalli biro, ya kalli takalminsa, ya kalli wani wuri can bayan katanga.

"Laburare a rufe yake ai."

"Na sani, Malam. Buɗewa za a yi a ɗauko kawai."

"Hmm." Ya koma kan takardunsa. "Ki je wurin shugaban makaranta. Ni ba ni da iko."

Ta yi mamakin sanyin jikinsa, shi da ya fi kowa ɗokin gasar. Ta ɗauka don shi ma yana da buhuna a ciki ne, kunya yake ji.

Malam Barau mutum ne mai fara'a, irin wanda zai hana ka abu kana fita kana yi masa godiya. Ya saurare ta har ta gama, yana gyaɗa kai.

"Kai, madalla da ke, Hamdiyya. Haka ake son ɗaliba. Amma kin san abin da ke ɗakin nan?"

"Wake ne, Malam."

"Wake da magani. Maganin nan in kika shaƙe shi, sai dai wani ba ke ba. In kika faɗi, me zan ce wa Malam Ɗanasabe?"

"Sai a bar ƙofar a buɗe ya sha iska, Malam, sannan a shiga."

"Ya sha iska!" Ya tafa hannu yana dariya. "Ai iskar ita ce abin gudu. Tana shiga, ƙarfin magani ya tafi, ƙwari su farka. Kin san guminmu mu nawa ne a ciki? Har da na iyalan wani malaminmu da ya rasu. Ki ce in ɓata abincin marayu saboda littafi?"

Wa zai ce a ɓata abincin marayu? Amma ta sake gwadawa.

"Malam, don Allah. Wannan gasar ita ce karatuna. In ban ci ba, shi ke nan."

"Za ki ci, in sha Allahu. Kanki ai ya fi littafi. Kuma makulli ɗaya ne a hannuna, sauran biyu suna wurin mutanensu. Bari mu zauna da 'yan ƙungiya, za ki ji."

Sun zauna kuwa, ba a ce ba su zauna ba. Hamdiyya tana hango su ta tagar aji, sun kewaye tebur, ana ta ɗaga hannu. Malam Da'u ne kaɗai bai buɗe baki ba. Da aka tashi, aka aiko mata cewa a yi haƙuri, abu ne na jama'a.

Da aka tashi daga makaranta ta zagaya bayan laburaren. Ta tsaya jikin taga ta kanga ido a wata 'yar kafa, ba ta ga komai ba sai duhu. Wani wari kamar na tafarnuwa ya bugi hancinta. Littafin yana nan, tsakaninta da shi bango ɗaya, amma da yana Legas da yana nan duk ɗaya. Ta zauna a dakalin ta yi kuka mai isarta, sannan ta share fuska ta kama hanyar Toranke.

Ba ta zauna haka ba dai. Malam Da'u ya kawo mata tsofaffin takardunsa na kwaleji, sun yi ja, rabinsu ma a kan tsarin mulkin wasu ƙasashe ne. Suka gwada nema a wayarsa, sai ka ɗaga ta sama kamar mai roƙon ruwa kafin layi ɗaya ya buɗe, in ya buɗe kuma labarin 'yan siyasa ne suna yabon kansu. Babban kundin da suka samu ya ƙi sauka a wayar sam. Sai ta koma ga abin da take da shi. Ta zauna da babanta, ta bi maƙwabta, ta tambayi mata masu sussuka. Yaushe taki yake zuwa? Wa yake samu? Me ya sa ake sayar da amfani da kaka alhali an san zai yi tsada?

"Saboda ba mu da inda za mu sa shi," in ji babanta. "In na ajiye wake a ɗakin nan, kafin azumi ya zama gari. Gara in ba malamanku, su suna da wuri."

Nan ta san har da waken gonarsu a cikin ɗakin.

Ranar gasa suka tafi Gaya ita da Malam Da'u a motar haya. Zauren ya cika. Alƙalai uku ne, babbarsu wata dattijuwa mai farin gilashi, Hajiya Barira, wadda ta daɗe tana aiki a fannin gona kafin ta huta.

Da aka kira Hamdiyya, ta tashi ta fito gaba. Ta yi maganar takin da ke isowa bayan gero ya yi bununi. Ta yi maganar manomin da ke sayar da wake da arha da kaka, ya dawo ya sayi irin shuka da tsada a hannun wanda ya sayar wa. Ta kawo sunayen unguwanni, ta kawo maganar babanta yadda ya faɗe ta. Zauren ya yi tsit, can kuma tafi ya ɓarke, har wani tsoho a baya yana cewa, "Gaskiya ne, 'yar nan! Wallahi haka ne!" Ta rufe da cewa gwamnati ba ta tanadi komai ba don ƙaramin manomi ya ajiye amfaninsa.

Hajiya Barira ta bari tafi ya lafa. Ta gyara gilashi.

"Sannu, 'yata. Kin san gona, babu shakka. Tambayata ɗaya ce. Kin ce ba a tanadi komai ba. Ba a tanada ba ne, ko an tanada a rubuce ba a aikata ba?"



"Don ba ɗaya ba ne," in ji Hajiya, a hankali, ba da nufin tozartawa ba. "In ba a tanada ba, sai mu nemi a tanada. In kuwa an rubuta an sa hannu, to ba roƙo za mu je yi ba, tambaya za mu je yi: ina abin da kuka ce? Wanne ne a ciki?"

"Ban sani ba, Hajiya."

"Wace manufa kika karanta a kan noma? Ko ɗaya, gaya mana sunanta da abin da ta ce."

Koren bangon ya tsaya mata a ido, har nauyinsa tana ji a hannunta.

"Ban karanta ba, Hajiya."

Wadda ta biyo bayanta wata Sadiyya ce daga wata makaranta a cikin Gaya. Muryarta ƙasa-ƙasa, ba ta sa kowa tafi ba, da ganinta ba ta taɓa riƙe fartanya ba. Amma ta ce manufa kaza ta yi alkawarin kaza, a sashe kaza, ga abin da aka yi, ga wanda ba a yi ba. Duk tambayar da aka jefo mata tana da inda za ta dafa. Ita ta ci, kuma ko Hamdiyya ba ta ce an yi son kai ba.

Ana watsewa Hajiya Barira ta sa aka kira ta. Malam Da'u na tsaye a gefe.

"'Yata, kin ba ni tausayi, kuma kin ba ni haushi. Da kin haɗa abin da kika sani da abin da ke rubuce, babu mai kama ƙafarki a zauren nan. Ba makarantarku ce marigayi Alhaji Muhammad Bashir ya gina wa laburare ba? Ai ina wurin ranar da aka buɗe. Littattafan da ke ɗakin nan ko wasu kwalejojin ba su da su. Ko babu su yanzu?"

Hamdiyya ta saci kallon malaminta. Gumi ne ke bin wuyansa. Kalma ɗaya za ta faɗa, wake, shi ke nan. Amma malaminta ne, ga shi tsaye a gaban manya, kuma ba a haife ta a gidan da ake tsinka babba a bainar jama'a ba.

"Suna nan, Hajiya."

"Suna nan ba ki karanta ba?" Hajiya ta girgiza kai. "Kai, yaran yanzu. Allah ya kyauta."

Haka ta ɗauki laifin ta hau mota da shi. A gida Sabuwa ta dube ta sau ɗaya ta gane, ta ajiye mata tuwo ta koma ɗaki. Babanta ya ce Allah bai nufa ba, ya ɗauki buta ya fita, ya daɗe bai dawo ba.

Zafi ya shigo, aka fara hango hadari ta gabas, wake ya yi tsada. Ranar wata Asabar masu makulli uku suka haɗu, aka farfasa lakar bakin ƙofa, aka bar ɗakin a buɗe ya sha iskar da a da aka ce ba ta yiwuwa. Da Litinin babbar mota ta zo. Aka ce 'yan ajin ƙarshe su zo da tsintsiya su share ɗakin idan an gama lodi.

Hamdiyya na tsaye da tsintsiyarta tana kallon buhuna suna fita a kan 'yan dako. Ta gane na gidansu, babanta ne kaɗai ke ɗinke bakin buhu da shuɗin zare. Ko ba gasa, tana so ta buɗe littafin nan ta ga amsar tambayar Hajiya. An tanada ne, ko ba a tanada ba? Tana so ta sani, ko don ta gaya wa babanta.

Ta leƙa ta duba jikin bango, inda take zaton an tara su. Babu komai. Ta duba lungu, babu. Sai da aka ɗaga layin buhunan ƙarshe, na ƙasa, sannan ta gan su.

An shimfiɗa su ne a daɓe, an jera su reras kamar bulo, bango zuwa bango, aka ɗora buhuna a kai don kada sanyin ƙasa ya taɓa wake. Gara ta ɓullo ta tsagar siminti ta same su. Ta ci ta ƙoshi, ta yi gini a cikinsu, ba ta ko kai ga buhu ba.

Malam Barau ya shigo yana duba ƙasan buhunan da aka fitar, yana shafawa, bakinsa har kunne.

"Alhamdu lillahi! Jama'a, ku zo ku gani! Gara ta shigo, amma ko buhu ɗaya ba ta taɓa ba. Bara da muka sa katako ai sai da muka yi asarar na ƙasa. Kai, littattafan nan sun yi mana rana! Malam Da'u, Allah ya yi maka albarka, shawararka ce wannan."

Hamdiyya ta juya. Malam Da'u yana bakin ƙofa, bai shigo ba, bai kuma amsa addu'ar ba. Sai yanzu ta gane kallon takalmin da ya yi a gindin darbejiya. Ya sani tun ranar. Ko da an buɗe mata ƙofar, sai an kwashe ɗakin kaf kafin a kai ga littafi ɗaya. Ya bar ta ta je ta durƙusa, ya bar ta ta yi ta jiran zaman ƙungiya, ya tsaya a gefenta a Gaya tana cewa suna nan.

Ba ta ji haushi ba ma, abin ya wuce haushi.

Ta same shi a tsakiyar ɗaki, koren. Bangon yana nan lafiya lau, har shatin buhu ya kwanta a kansa. Ta tsuguna ta ɗaga. Da can da hannu biyu take ɗaukarsa tana nishi, yanzu ya yi sakayau. Ta buɗe. Jar ƙasa ta zubo mata a cinya, da 'yan fararen gara suna ta gudu. Gefen shafukan ne kawai ya rage, farin da babu rubutu.

"Yauwa, Hamdiyya," in ji Malam Barau, "ke ce mai son littattafai, ke za ki shugabanci aikin. Waɗanda suka lalace a kai bola. Masu sauran ƙwari kuwa a kakkaɓe su a jera a lungun can, a rufa musu leda. Kada a yi wasa da su, don Allah. Kaka mai zuwa za mu neme su."

Ta ce, "To, Malam."

Ta kai koren bola da kanta. Sannan ta dawo ta shiga layi da sauran 'yan mata, suna miƙa wa juna littattafan ɗaya bayan ɗaya, ana jera su a lungu don waken baɗi.